Ɗan Tarago

A cikin taragon jirgin ƙasa aka haife shi, wani wuri tsakanin Makurɗi da Inugu, kuma kafin jirgin ya shiga Fatakwal sauran tumaki sun tattake uwarsa ta mutu. Da aka buɗe ƙofa aka fara sauke dabbobi, sai ga shi can a lungu yana karkarwa, ko tsayuwa bai iya ba. Malam Gimba, dillalin da aka aiko wa kayan, ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ce wannan ba zai kwana ba. Ya dai saka shi a buhu don kada a ce ya yar da rai, ya kai gida ya ajiye gaban 'yarsa Zuliha.

"Ga naki nan. In ya rayu, halak malak."

Ya kuwa rayu, don Zuliha ba ta bar shi ya mutu ba. Ta samo kwalba da nonon roba, ta riƙa dama masa madarar gwangwani da kuɗin tararta. In ana ruwa, wanda a Fatakwal kusan kullum ake yi, sai ta lallaɓa ta shigo da shi ɗaki, Inna Baiwa, matar Malam Gimba, tana faɗa tana kuma kawar da kai. Ta sa masa suna Ɗan Tarago. Cikin shekara guda ya zama rago sosai, fari tas, da baƙi a ido ɗaya kamar an rambaɗa masa kwalli. Ba ya cin dussa a hannun kowa sai nata, kuma in ta tafi makaranta yakan tsaya bakin ƙofa yana kuka har maƙwabta su yi ƙorafi.

Ƙorafin maƙwabta kuwa shi ne abin da Malam Gimba ya fi tsoro a duniya. Shekara biyu ke nan da suka dawo daga Arewa bayan yaƙin basasa, suka tarar da waɗansu mutane a gidan da ya bari, bai ce uffan ba ya kama hayar ɗaki biyu. Tun daga nan ya zama mutum mai taka-tsantsan, har kajin maƙwabta sai ya kusa gaishe su. Ga kuɗin mai sun cika garin, motoci sababbi suna wucewa suna fallatsa wa mutane ruwa, shi kuwa yana kara, kasuwar dabbobi, yana neman la'adar tunkiya ɗaya ko biyu. Abin yana cin sa, ko da yake ba ya faɗa.

A karar ce Zuliha ta san uban nata da gaske. Kowace Asabar ita ke kai masa abinci, ta zauna kan benci tana jiran kwano, idonta a kansa. Ta lura yana da fuska biyu wajen tayi. In da gaske yake son dabba, ko kallonta ba ya yi. Sai ya tsaya gefe yana sakace, ya taɓe baki, ya ce ai wannan ƙashi ne da fata, ya bari kowa ya gama magana sannan ya jefa tasa a hankali kamar an tilasta masa. In kuwa zuga wani mai saye yake yi don farashi ya hau, to ka ga Gimba mai fara'a. Ya shafa gadon bayan dabba, ya buɗe bakinta ya nuna wa jama'a haƙora, ya rantse bai taɓa ganin irinta ba, ya riga kowa tayi da babbar murya. Da ya ga mutumin ya hau ya zauna daram, sai ya ɗaga hannu biyu ya ce an fi ƙarfinsa. Zuliha takan yi dariya a ranta, tana jin daɗin ta san abin da manya ba su sani ba.

Tana aji biyar a firamaren bakin layin dogo lokacin da hedimasta ya sanar za a yi bikin baje koli a ƙarshen zango, abin da aka samu a kai gidan marayun da yaƙi ya bari. Kowane aji ya kama sana'a. 'Yan aji uku suka shuka kuɓewa bayan ofis, 'yan aji huɗu suka hau ɗaura tsintsiya da saƙa kwando, 'yan aji shida suka ce cincin da gyaɗa za su soya. 'Yan aji biyar, da ganin kansu ya waye, suka tara sisi da kwabo suka sayi 'yan tsaki talatin. Sati biyu ba a yi ba wani ruwa ya kwana yana zuba, da safe aka kwashe su a kwali aka binne. Malamarsu, Malama Ibinabo, har hawaye ta yi.

Ran Litinin ta shigo aji tana murmushi, ta sa Zuliha ta miƙe tsaye, ta ce a tafa mata. Wai a taron iyaye babanta ya tashi gaban kowa ya ba aji biyar kyautar rago. Yara suka yi ta tafi suna buga tebur. Zuliha tana tsaye, ta san rago ɗaya ne a gidansu.

Ba ta ci abincin rana ba. Da uban ya dawo ta tare shi tun daga ƙofa, ta ce ai shi ya ce halak malak. Ya zaunar da ita kusa da shi, ya yi mata bayani da murya mai sanyi. Ya ce su baƙi ne a idon mutanen nan, ko da kuwa a garin aka yanke mata cibi, dole a riƙa ganin hannunsu a abin alheri. Ya ce abin duk na ganin ido ne. Gwanjo za a yi, shi kuma dillali ne, wa zai kayar da shi a gwanjo?

"Ni zan saye shi. Kuɗin su tafi wa marayu, ragonki ya dawo gida. Da hannunki za ki jawo shi."

"Ka yi alkawari, Baba?"

"Na yi, Zuliha."

Inna Baiwa tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗago kai ba.

Sati bakwai Ɗan Tarago ya yi yana zuwa makaranta kamar ɗan aji. Da safe ya bi Zuliha, a ɗaure shi gindin mangwaro, da rana su koma tare. 'Yan aji biyar suka raba aiki: masu kawo ɓawon ayaba da na doya, masu yanko ciyawa a bakin layin dogo, masu wanka. Duk abin da aka kawo sai an miƙa wa Zuliha ta ba shi, in ba haka ba ya kau da kai kamar ɗan sarki. Ya yi ƙiba har wuyansa ya ninke. Yaran da a da ba sa kiranta sai da "'yar Awusa" suka koyi sunanta, suka koyi na ragon, suna ta karya shi a baki. Ita kuwa daɗi ya cika ta, don tana ganin ta ci riba biyu: ga ƙawaye, ga ragonta zai dawo ya fi da ƙiba.

Ranar bikin aka kafa rumfunan ganyen kwakwa a filin makaranta, aka jera kuɓewa da tsintsiya da cincin. Malama Ibinabo ta ɗaura wa ragon jan ƙyalle a wuya. Wajen azahar wata doguwar mota ta shigo har tsakiyar fili, wata a-kori-kura tana bin ta. Aka ce Cif Wokoma ne, ɗan kwangilar da ke ciyar da ma'aikatan wani sansanin haƙar mai. Zuliha ta hango babanta cikin babbar rigarsa ta Juma'a ya je ya rusuna ya gaishe shi, aka ba shi kujera a bayansa. Ba ta kawo komai a ranta ba, don babanta kowa yake gaisarwa.

Aka sayar da kayan sauran azuzuwa, sannan hedimasta ya kaɗa ƙararrawa ya ce a kawo na aji biyar. Zuliha ta jawo Ɗan Tarago tsakiyar fili. Ta duba inda uban yake, tana jiran ta ga ya ja gefe ya ciro tsinken sakace ya taɓe baki.

Sai ta ga ya miƙe yana fara'a.

Ya taho yana gyara hannun riga, ya shafa gadon bayan ragon, ya buɗe bakinsa ya nuna wa jama'a haƙora. Cikin turancin buroka, da muryar da ta kai har bakin titi, ya rantse shekara ashirin yana harkar dabbobi bai taɓa ganin rago irin wannan ba, ya ce wannan sai gidan babban mutum. Kafin hedimasta ya buɗe baki ya taya naira arba'in.

Igiyar ta kusa suɓucewa daga hannun Zuliha. Duk filin nan, mutum ɗari uku ko fi, ita kaɗai ta san abin da aka fara. Cif ya ce hamsin, uban ya ce sittin yana dariya, mutane suka ɗauki sowa. Ta riƙa gaya wa kanta wataƙila yau ya sake salo ne, wataƙila don makaranta ce ba kara ba. Ta kafa masa ido ko zai dube ta sau ɗaya. Ya dubi hedimasta, ya dubi Cif, ya dubi jama'a, ya dubi ragon, amma ita bai dube ta ba. Da aka kai ɗari da hamsin Cif ya miƙe tsaye, gumi yana zuba, ya cire hula ya ce ɗari biyu. Malam Gimba ya ɗaga hannu biyu sama ya ce an fi ƙarfinsa. Ƙararrawa ta kaɗa sau uku.

'Yan aji biyar suka yi ta tsalle, don sun ninka abin da duk makarantar ta samu. Malama Ibinabo ta rungume Zuliha tana cewa Allah ya yi wa babanta albarka. Yaran Cif biyu suka karɓi igiya suka ja, Ɗan Tarago ya kafe ƙafa huɗu a ƙasa. Suka tura, suka daka, ya ƙi. Mutane suka fara dariya, fuskar Cif ta fara canzawa. A nan ne uban ya tuna da ita.

"Zuliha, zo ki ja shi. Ke yake bi."

Ta zo. Ba ta ma ja igiyar ba, tafiya kawai ta yi ya biyo ta, yana tura hancinsa cikin tafin hannunta yana neman dussa. Ta taka katakon da aka jingina ta hau bayan a-kori-kurar, ya hau. Ta ɗaure shi da kanta, ɗaurin da ba zai shaƙe shi ba, ta sauko. Sai da aka rufe ƙofar ya gane, ya fara kukan da yake yi in ta tafi makaranta. Aka sake tafa mata.

Da yamma Malam Gimba ya dawo gida da tsire da burodi, yana magana tun daga ƙofa. Cif ya ji daɗin yadda aka fito da shi gaban jama'a, ya ce daga wata mai zuwa Gimba ne zai riƙa kai wa sansanin raguna ashirin duk sati. Marayu sun samu abin da ba su taɓa mafarki ba. Hedimasta ya kira shi ɗan'uwa. Ya ce za su tashi daga ɗaki biyun nan, ya ce wata rana Zuliha za ta gane. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma wannan ya fi ƙona mata rai, don ta rasa inda za ta kama shi. Abu ɗaya ta so ta tambaya, ko tun ranar da ya yi mata alkawarin ya san ba zai cika ba, amma ta ji tsoron amsar.

Inna Baiwa ce ta ce, "Malam, da ka bari wani ya ja mata igiyar."

Tsiren ya kwana a takardarsa.

Bayan kwana goma jirgi ya sake kawo kaya. Malam Gimba ya shigo gida rungume da ɗan rago, ba maraya ba wannan karon, zaɓaɓɓe, mai jan kai da dogayen ƙafafu, da igiya a wuyansa. Ya ajiye shi gaban Zuliha, ya ce ga nata nan, wannan kam ba mai taɓa shi. Ya tsaya yana murza hannu, yana jiran ta yi kuka ko ta juya baya, don ya shirya lallashi.

Zuliha ta miƙe tana fara'a. Ta shafa gadon bayan ɗan ragon, ta buɗe bakinsa ta leƙa haƙora, ta ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Kai, Baba, wallahi ban taɓa ganin rago irin wannan ba. Wannan sai gidan babban mutum."

Malam Gimba ya fara dariya, sai dariyar ta yanke. Ya dube ta, ita kuwa ɗan ragon take kallo, tana ta murmushi. Can ya tambaye ta a hankali wane suna za ta sa masa. Ta miƙa masa igiyar, ta ce ruwa na zuwa, bari ta kwashe shanya.