Abin da Ya Hana Baba Moumouni Masallaci

"Ka tafi abinka, Ukasha, za ka rasa huɗuba," in ji Baba Moumouni daga bayan labule.

"Baba, ga moto, babur ɗina, a ƙofa. In tafiyar ce ke ba ka wuya, sai in ɗauke ka."

"Na ce ka tafi. Kai tela ne ko jandarma?"

Na tafi, amma raina a ɓace. Gida ɗaya muke haya a unguwar Ladjifarani cikin Parakou, ƙofarsa tana kallon ɗakin da nake ɗinki. Mutumin Djougou ne, jikan fataken goro, ya ƙarar da ƙarfinsa yana jan kamiyo, babbar motar kaya, daga Gare, tashar jirgin ƙasa, zuwa arewa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo, Kamila, tana aure a Djougou. A da, ko ladan ba ya riga shi isa masallacin unguwa. Sai ga shi tun bayan babbar Sallah ya ɗauke ƙafa ɗif.

Bakin mutane kuwa ba ya azumi. Wasu suka ce ya raina sabon limaminmu, Malam Abdoulrahim, don yaro ne. Wasu suka ce aƙida ya canza. Dogo mai faci, abokinsa na shekaru, cewa ya yi tsufa ne ya zo masa da girman kai. Kowa ya yi tafsirinsa, ba wanda ya taka ya ƙwanƙwasa ƙofar. Ni da na ƙwanƙwasa, baƙar magana na sha.

Yini yake a ɗaki da rediyonsa. Zinatu mai koko ta ajiye masa kwano a bakin ƙofa, sai ta juya baya hannunsa zai fito ya ja. Ɗakin kullum a turnuƙe da turare kamar na mai jego. Wanki kuma da kansa yake yi, ya shanya a ciki. Wallahi tausayi yake ba ni, amma in na tuna bakinsa sai in ja jikina.

Wata ranar Asabar da hantsi sai ga shi tsaye a kaina, da baƙin yadi da wani tsohon tawul a hammata.

"Wando za ka ɗinka mini. Ka yi masa shafi da wannan."

"Tawul, Baba? A zafin Parakou? Ai kafin azahar ka dahu."

Bai yi dariya ba. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya matso kusa, a ƙarƙashin turaren nan na ji wani wari, sai na gane. Na tashi na saki labulen ƙofa.

Ya zauna a bakin benci, idonsa a ƙasa. "Tun da likita ya yanka ni, ya yi mini operasiyo a lopital, fitsari ya daina jin maganata. Ina gama alwala, kafin in miƙe ta karye. In shiga ɗakin Allah da najasa, in ɓata wa mutane tabarma? Ko wadda nake yi a ɗaki, ban sani ba ko ana karɓa. Tsorona ke nan, Ukasha, in mutu ba ni da salla."

"Ka tambayi Malam?"

"Yaron da na ci tuwon sunansa? In buɗe baki in ce masa ina jiƙa wando? In ka faɗa wa wani, ban yafe ba."

Ban faɗa wa kowa ba. Tambaya kawai na kai. Na tare Malam bayan azahar yana kulle ɗakin karatu, na ce akwai wani mutum can Djougou mai lalura kaza, yana ganin sallarsa ba ta yi. Malam ya dube ni, makulli a hannunsa.

"Mutumin nan na Djougou," ya ce a hankali, "yana jin lasifikarmu daga ɗakinsa?"

"In iska ta kaɗo, yana ji."

Malam ya sunkuyar da kai. "Ina ta wa'azin haƙƙin maƙwabci, ashe ga inda ya kamata in fara. Ka ce masa... a'a, kada ka ce masa komai."

Ran nan ban zauna karatun la'asar ba, na dawo kan kekena. Malam ya ajiye babin da ake ciki, ya ɗauko na masu lalura. Muryarsa ta cika tsakar gidanmu. Ya ce wanda fitsari ke zubo masa ba da sonsa ba, mai uzuri ne. Ya tsare jikinsa da tsumma mai tsabta gwargwadon iko, ya yi alwalarsa, ya zo ya tsaya cikin 'yan'uwansa. Sallarsa ta yi, ta jiya ma ta yi. Wasu samari suka yi 'yar dariya, na ji ta har a lasifika. Malam ya ce, "Ku yi, tsufa yana jiranku a kwana." Sannan ya maimaita maganar da Dendi, ya sake da Faransanci.

Rediyon Baba ya yi shiru. Ni ma na ɗauke ƙafa daga keke. Can sai na ji kuka, irin na tsoho, mara sauti sosai. Ban leƙa ba.

Ranar Laraba ya ɗaga labulena. "Kai, mai saɓa alkawari, wandon nan ya yi?"

La'asar muka je, yana dafe da ni, muna tsayawa yana hutawa. Da muka shiga, masallacin ya yi tsit. Malam ya ce, "Baba, barka da fitowa." Dogo ya tashi da sauri ya ba Baba ƙarshen sahun farko, jikin bango, ya kasa haɗa ido da shi. Ni na tsaya a gefensa. Da aka kabbarta na ji ya jingina da ni, ba nauyi, kamar ɗaurin yadi.

Da muka koma gida, a ƙofarsa Baba ya juyo ya dube ni. "Ukasha, ka san abin da na manta? Ashe kafaɗar mutum ɗumi gare ta."

Bai sake fita ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi washegari. Na kira Kamila, ta taso daga Djougou tana faɗa tana kuka, wai me ya sa ba wanda ya sanar da ita. Malam ya riƙa zuwa kullum, Dogo ma ya zo ya zauna yana yi masa fifita. Ranar Lahadi da hantsi Allah ya karɓi abinsa, fuskarsa kwance. Na ji mutuwar nan fiye da yadda na zata.

Muka dawo daga maƙabarta daidai la'asar. Aka tada iƙama, na tsaya inda na tsaya ran Laraba, tsakanina da bango akwai gurbin mutum ɗaya. Malam ya juyo ya duba sahu, ya ce a daidaita, a toshe ɓaraka. Idonsa ya zo kaina ya tsaya. Na matsa, har kafaɗata ta taɓa bangon. Simintin da sanyi.