Maganin Gwiwar Inna Talatu

Da hannu ɗaya Inna Talatu ta riƙe ƙarfen keke napep, da ɗayan ta tallafo kan Muhsina, matar ɗanta, tana ta yi wa direban faɗa kamar shi ya haƙa ramukan hanyar Kurmin Sarki.

"Kai bawan Allah, ka yi gudu ka jijjiga min ita, ka rage ka ɓata mana lokaci. Wai wa ya koya maka tuƙi?"

Mutumin ya ƙara wuta, don tun da ya waiwaya ya ga zanin yarinyar ya san ba lafiya. Jini ne ya jiƙa shi har ya fara bin kujera. Muhsina kuwa ko nishi mai ƙarfi ba ta yi, sai cije leɓe da murɗa gefen hijabi. Inna Talatu ta ɗauka al'ada ce ta zo mata da gardama. Ai ana yin haka, ita ma ta yi a zamaninta. Abin da ya ɗaga mata hankali shi ne yadda ta tarar da ita durƙushe a bayan tanda, waina na ƙonewa, ita kuma ta kasa miƙewa.

Duk unguwar an san Inna Talatu da abu biyu, waina da kyauta. Tun asuba masu sammakon zuwa aiki Abuja suke layi a ƙofar gidanta, har da ɗanta Ja'afar, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan". Kyauta kuwa ciwo ce a jikinta. Ba ta iya cin goro ita kaɗai. Da likita ya rubuta mata wani maganin gwiwa watannin baya, ta sha ta ga ta koma yin sujada ba kujera, shi ke nan unguwa ta samu asibiti. Duk wadda ta ce wash a gabanta sai ta kwance bakin zani ta ɓallo mata ƙwaya biyu. "Na asibiti ne, ba na 'yan talla ba," haka take cewa, tana wani ɗaga kai.

Ita ma Muhsina ta sha. Shekaranjiya Inna Talatu ta gan ta tana dafe ƙugu wajen juya ƙullu, ta kira ta ta miƙa mata.

"Inna, zai wuce, ba komai," in ji yarinyar, idonta a ƙasa.

"Hannuna za ki mayar?"

Ba ta mayar ba. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu ta haɗiye. Tun daga nan safe da yamma Inna Talatu ke tsayawa a kanta har sai ta ga wucewarsa a maƙogwaro, don ta san 'yan matan yanzu da zubar da magani a bayan randa.

A asibiti wata nas ce ta tare su, Sista Morenike, mai Hausa da karin harshen Yarbawa. Ta kwantar da Muhsina, ta ɗaura mata abin awon jini a hannu, sannan ta tambaye ta yaushe rabonta da ganin al'ada. Muhsina ta saci kallon Inna Talatu, ta juya fuska bango.

"Ke da ke ake magana," in ji Inna Talatu. "Ki faɗa mata mana."

Muhsina ta ja hijabi ta rufe fuska. Sista Morenike ta dubi wannan, ta dubi waccan. Ta daɗe a Suleja, ta san irin wannan kunyar.

"Mama, ɗan jira mu a waje."

"Ni? Ni fa na kawo ta. Uwar mijinta ce ni."

"Shi ya sa, Mama."

Ta fita tana mita, ta zauna a benci tsakanin wani tsoho mai tari da wata mai goyo. Amma a ƙasan ranta daɗi ta ji. Wannan kunyar ce ta sa ta tsaya kai da fata sai da aka yi auren. Iyayen Muhsina 'yan Zariya ne da aiki ya kawo, suna haya a unguwar Iku, kuma ranar da Inna Talatu ta fara ganinta yarinyar ko ruwa ta kasa sha a gabanta. Ta sha yi wa maƙwabta gori da ita: tawa ba irin masu buɗaɗɗen idon nan ba ce. Shekara biyu da auren ba labari, amma ba ta taɓa buɗe baki ta tambaya ba. Ina ita ina wannan rashin ta-ido? Sai dai addu'a, da wani zanin goyo saƙi da ta saya ta ɓoye a ƙasan akwati, ko wancan bai san da shi ba.

Aka wuce da Muhsina ɗakin hoto a kan gado mai taya, aka dawo da ita. Can sai ga Sista Morenike ta leƙo ta ce likita na kira.

Likitan, Dakta Obiora, ya miƙa mata kujera. Hausarsa ta kasuwa ce amma tana fita.

"Mama, ta ce kin ba ta magani na ciwon baya. Yana nan?"

"Ga shi ma kuwa." Ta kwance bakin zani ta ajiye masa a tebur da alfahari. "Nan asibitin aka rubuta min. Ni ba na ba mutum abin da ban sha ba."

Ya juya bayan takardar ƙwayar ya karanta, ya ajiye a hankali. Ya miƙa wa nas ɗin, ita ma ta karanta, ta rufe ido. Wannan rufe idon ne ya fara tsinka wa Inna Talatu zuciya.

"Lalatacce ne? Kwanansa ya ƙare?"

"Lafiyarsa lau, Mama. Mai kyau ne, a gwiwarki. Magani biyu ne a cikin ƙwaya ɗaya. Na farko, diklofenak, shi ke kashe ciwo, amma yana cin tumbi. Sai aka haɗa shi da na biyu, misofrostol, don ya kare tumbin. To shi wannan na biyun yana da wani aiki. Yana matse mahaifa, ya buɗe bakinta. Mu da kanmu da shi muke tayar da naƙuda a ɗakin haihuwa. Shi ya sa ko kusa ba a ba mai ciki."

"To ai ita ba ta da..."

Ta dubi likitan, ta dubi nas ɗin. Babu wanda ya taimake ta ya ƙarasa mata.

"Wata uku ne," in ji Dakta Obiora. "Mun duba a hoto. Ya riga ya fita, Mama, saura abin da za mu wanke. Ita za ta tashi, mun tsayar da jinin. Ba zan rantse miki cewa maganin ne kaɗai ba, ciki yakan zube da kansa. Amma abin da maganin nan yake yi ke nan, kuma ta sha da yawa."

Inna Talatu ta dafe ƙirji ta yi salati. Kunnuwanta suka toshe kamar ta nutse a ruwa. Wata uku. Ashe wata uku jikanta yana kwana ɗaki ɗaya tsakaninsa da ita, tana wucewa ta gabansa da buta, har ta tsaya a kansa safe da yamma tana cewa haɗiye.

"Da aka ba ki maganin ba a faɗa miki ba?" Sista Morenike ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

An faɗa. Wallahi an faɗa. Yanzu abin ya dawo mata tar. Saurayin da ke ba da magani ta taga ya riƙe ledar ya ce, "Inna, ba ki da ciki dai ko? Wannan mai ciki ba ta sha." Ita kuwa ta ga yaro ne ƙarami, ta ɗauka tsokana ce irin ta jika da kaka, ta ce, "Sai dai in naka ne, mijina." Layi duka aka fashe da dariya, shi ma ya yi. Ta dawo gida ta ba da labarin tsokanar a wajen suna, a wajen biki, har ta gaji. Rabin maganar ta riƙe, mai ban dariyar, ɗaya rabin ta bar shi a bakin tagar.

Ta ce a kai ta wajen yarinyar.

Muhsina na kwance da ƙarin ruwa a hannu, leɓenta ya yi fari. Da ta ga Inna Talatu sai ta fara ƙoƙarin tashi zaune, tana jawo hijabi.

"Kwanta. Don girman Allah kwanta." Ta zauna a bakin gadon, ta rasa inda za ta sa hannuwanta. "'Yar nan, me ya hana ki faɗa min?"

"Inna, da wane bakin?"

"Shi wancan ya sani?"

Ta gyaɗa kai. "Ya so ya faɗa miki. Ni na hana shi. Na ce a bari har ki gani da idonki, kamar yadda ake yi." Hawaye ya gangaro mata ta gefen kunne. "Ban san zai yi illa ba. Na ga na asibiti ne, kuma daga hannunki. Ki yafe min, Inna, na san kin daɗe kina jira."

Wannan neman gafarar ya fi komai dukan Inna Talatu. Da zaginta yarinyar ta yi da ta fi samun sauƙi. Ta yi tunanin zanin goyon da ke ƙasan akwati. Ta yi tunanin ƙamshin man gyaɗa da Muhsina ke kauce wa kwanan nan, da tofar da yawu a ɓoye, da barcin hantsi. Duk ta gani. Mace mai haihuwa bakwai a ce ba ta gani ba? Ta gani ta kawar da kai, don ba a sa ido a irin wannan, kuma bayan shekara biyu na shiru ta hana zuciyarta sa rai.

Tofar da yawu.

Ta miƙe zumbur har gwiwar ta yi ƙara. Yau da safe Zuwaira, amaryar Isiyaku makanike na bayan layinsu, ta zo sayen waina. Ta tsaya nesa da tanda ta toshe hanci da mayafi, ta juya ta tofar, ta ce ƙugunta kamar zai ɓalle. Inna Talatu kuwa ta kwance bakin zani. Ta ce mata ta bari sai ta ci abincin rana ta sha biyu, da yamma biyu.

Ta lalubo waya ta ba Sista Morenike ta nemo mata lambar Zuwaira. A kashe. Kwana biyu ba wuta a unguwar, yawancin wayoyi sun mutu. Daga masallacin asibiti aka fara kiran azahar.

"Shi yana hanya, Sista ta kira shi, ya ce sun wuce dutsen Zuma," in ji Muhsina, tana nufin mijinta. "Inna, ina za ki?"

"Ina zuwa. Sista, ga amanarki."

Keken da ta samu ya sauke ta a bakin titi, ya ce ba ya shiga lungu saboda kwata. Ta taka da ƙafa. Rabonta da sauri irin wannan tun tana da ƙuruciya, gwiwoyin suna ihu tana jan su. Mai kanti ya gaishe ta, ba ta ji ba. Wata ta tambaye ta ya mai jiki, ta wuce ta kamar ba ta san ta ba.

Ko sallama ba ta gama ba ta faɗa gidan. Zuwaira na tsakar gida tana kwashe tuwo, uwar mijinta Hajiya Umaima na zaune a tabarma da baƙi mata biyu, ana ɓare gyaɗa.

"A'a, Talatu, lafiya kike haki haka? Ya jikin..."

"Zuwaira, ciki gare ki?"

Ɗaya baƙuwar ta tsaya da gyaɗa a hannu. Zuwaira ta saki mara a cikin tukunya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sunkuyar da kai irin na 'ya mai tarbiyya. Inna Talatu ta san wannan sunkuyon. Shi ta yi shekara biyu tana yabo.

"Ba kunya na zo gani ba. Ɗago ki dube ni. Ƙwayoyin da na ba ki, kin sha?"

Yarinyar ta girgiza kai a cikin mayafin. "Yanzu nake so in ci abinci in sha, kamar yadda kika ce."

"Kawo su. Duka."

Zuwaira ta kwance gefen zaninta ta zube su a tafin Inna Talatu. Ta ƙirga da ido, suna nan yadda ta bayar. Ta dunƙule hannun, ta zauna daɓas a kan turmin da ke kife.

Hajiya Umaima ta ture faifan gyaɗa gefe, ranta a ɓace.

"Haba Talatu. Da girmanki? Ana yi wa yarinya irin wannan tambaya a gaban uwar mijinta, ga baƙi?"

"Ana yi," in ji Inna Talatu. "Da na yi ta shekaranjiya a gidana, da yanzu jikana yana nan."

Ta dafa bango ta miƙe, ƙwayoyin na dunƙule a hannunta. Akwai sauran gida uku a layin da ta san ta ba su maganin, kuma sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ta koma asibiti ta haɗa ido da ɗanta.