Tokar Baba da Kwanso Shida

Sai da Delbert Hruska ya kai teburin ƙarshe a kasuwar bindigogi ta garinsu, rungume da gwangwanin kofi, kafin ya sami wanda bai yi masa dariya ba.

Tokar mahaifinsa Orville ce a gwangwanin. Wasiyyar tsohon ba ta da tsawo: a ƙona gawarsa, a ɗura tokar a harsashi, a harba shi kaf saman gonarsa ta masara da libarba, ƙaramar bindigar kakansu. Sai dai an daina ƙera harsashin wannan libarba tun ba a haifi Orville ɗin ba, ga shi dangi za su taru ran Asabar.

Mai teburin, wani dattijo da ake kira Lyle Petrak, ya leƙa bakin bindigar, sannan ya jawo wani ɗan akwati. Kwanson harsashi shida ne na tagulla, kwance a auduga, ba komai a cikinsu.

"Nawa, dattijo?" in ji Delbert.

"Ba na sayarwa ba ne. Matata ma ta ce ko ita ko su. To, ga ni, ga su."

Delbert ya buɗe gwangwanin ya yi bayani. Lyle ya cire hula.

"Zan ba ka aro, amma da ni za a je. Tsohuwar tagulla ce, tana iya tsagewa. In ɗaya ya tsage, yaro, kai ma ka nemi gwangwani."

Ran Juma'a Delbert ya wuni a gareji yana ɗura harsasan. Yayarsa Wanda ta tsaya a ƙofa tana kallon yana ɗibar toka da bakin cokalin shayi.

"Kai Delbert, wannan ɗan abin shi ne Baba?"

"In na cika toka, albarushi ba zai sami wuri ba, Yaya."

"Da ransa ma bai bar wa kowa wuri ba."

Ran Asabar dangi suka jeru a bakin gona. Fasto ya yi addu'a. Lyle ya tsaya daf da kafaɗar Delbert, akwatinsa a buɗe. Delbert ya ɗaga libarbar ya ja kunama. Ƙara ta tashi, farin hayaƙi ya bi saman masara, Wanda ta fashe da kuka. Haka har sau shida.

Ba a gama cewa amin ba Delbert da Lyle suka durƙusa, suka zazzage kwanson a kan hankici. Lyle ya sa tabarau yana duba su ɗaya bayan ɗaya a hasken rana. Dangi suka sunkuyar da kai, sun zaci wata addu'ar ce.

"Ba wanda ya tsage," in ji Lyle.

Nan ne hawaye ya zubo wa Delbert, abin da bai yi ba ko a asibiti. Wata gwaggonsu ta rungume shi tana cewa ya yi haƙuri, kowa da ranarsa.

Wanda ta share ido, ta ɗauki gwangwanin daga bayan mota ta jijjiga. Yana nan cike kamar ba a taɓa ba.

"Kaf ya ce fa. Sauran Baba fa?"

Delbert ya dubi gwangwanin, ya dubi kwanso shidan da Lyle ke mayarwa cikin auduga.

"Dattijo, sau nawa za su jure ɗuri?"

"In an lallaɓa su, goma. Da hutu tsakani."

Dangi sun fara tafiya wajen teburin abinci. Delbert ya rage murya.

"Asabar mai zuwa kana da abin yi?"