Ƙyanda a Bakin Ƙofa

Tun da ƙanwata Auta ta fara shan maganin sankarar jini, likita ya hana a yi mata allurar rigakafin ƙyanda. Ina wurin ya yi wa Mama bayani, har na rubuta a bangon littafina. Ya ce ƙwayar cutar da ke cikin allurar da ranta, an dai raunana ta ne. Lafiyayyen jiki yakan murƙushe ta ya haddace kamanninta, ranar da ta gasken ta zo sai ta tarar da shi a shirye. Amma magani ya karya wa Auta garkuwar jiki, ko raunanniyar ma za ta iya kayar da ita.

Ranar Asabar, Mama ta fita karɓo magani, sai ga Gwaggo, yayar Baba, goye da jikanta. Idanunsa jajur, hanci na zuba, ƙuraje sun feso masa a bayan kunne.

Na tsaya a bakin ƙofa, na tare hanya.

"Gwaggo, an yi masa allurar ƙyanda?"

"Malama likita, yau ba gaisuwa? Matsa in wuce, haƙori yake fitarwa."

"An yi masa?"

"Ni na hana. Cuta mai rai suke ɗura wa yara. Duk karatun naki ba ki sani ba?"

"Na sani." Ni da ko a aji ba a jin muryata, sai na ji ta cika lungun. "Shi jikinsa zai iya da ita, ɗan zazzaɓi ne ya wuce. Auta ce ba za ta iya ba. Mama har kuka ta yi a gaban likita tana roƙon a yi mata. Ku kun samu kun ƙi, sannan kika goyo mana ta gasken har gida."

"Ni kike gaya wa haka? Ni da na goyi ubanki?"

Daga ciki na jiyo takun Auta, tana jan silifas ɗin Mama.

"Yaya, Gwaggo ce?"

Na ja ƙofa na danna sakata.

"Ki kai shi asibiti, Gwaggo," na ce ta jikin katako. "Tun daga ƙofa ki gaya musu ƙyanda ce, kar ya shafa wa wasu."

Tana ta bugu, tana rantsuwar sai Baba ya ji. Na sunkuci Auta zuwa ɗakin ƙurya, na rufe taga.

"Yaya, kuka kike?"

"Haushi ne. Zauna nan."