Wani Ya Kira Daga Najeriya

A duk wasannin da ɗan Adam ya ƙirƙira, baseball ne kaɗai ya gane abin da ya kawo mu duniya. Ƙwallon ƙafa gudu ne zuwa ragar wani, dambe kuma neman haƙorin maƙwabci. A baseball kuwa mutum yakan tashi daga wani wuri da ake kira gida, ya bi ta zango uku, kuma ba a ba shi maki sai ya dawo gidan da ya bari. Wanda aka tashi wasa yana tsaye a zango na biyu, kome kyan bugunsa, sunansa wanda aka bari a hanya. Ban san mutum na biyu a kudancin London da ya fahimci wannan ba. Na daɗe ina ɗauke da ilimin ni kaɗai, ban taɓa ƙorafi ba.

A Ohio na kamu da cutar, lokacin da gwamnatin jiha ta tura ni karatun lissafi a 1974. Abokan tafiyata wasu sun dawo da mota, wasu da mata. Ni na dawo da ƙungiyar Cleveland, wadda rabonta da kofi tun ina goye a bayan uwata. A kakar da ta wuce an doke ta sau ɗari da biyar. Na san adadin saboda na yanke sakamakon kowane wasa daga wata jaridar Amurka da ake bugawa a Paris, na manna a littafi, kamar yadda nake yi tun da na zo London koyarwa a wata kwaleji. Littattafan sun cika kwali goma sha ɗaya.

Duk ƙarshen Fabrairu 'yan wasan kan taru a hamadar Arizona su yi wata guda suna motsa jiki da wasannin gwaji. Ni na fassara abin da atisayen bazara, ko da yake bazarar da na sani a Zariya ba lokacin da mai hankali zai yi gudu ba ce. Shi ne watan da na fi so a shekara. Wasanninsa ba a lissafa su. Tsohon da gwiwarsa ta mutu bara sai ya ce ya warke, wanda bai taɓa bugun kirki ba ya ce ya gano inda matsalar take, kuma babu wanda aka isa a ƙaryata tukuna.

A cikin irin wannan wata, Maris na 1992, na tashi daga flat ɗinmu na Catford.

Na ce namu ne saboda shekara goma sha huɗu muka yi a ciki ni da matata Karimatu. A watan Oktoba ta tafi Zariya jinyar mahaifiyarta. Tsohuwa ta miƙe kafin ƙarshen shekara, har an ce ta koma kiwon awakinta, amma Karimatu ba ta dawo ba. Na rubuta mata wasiƙa uku. Ta amsa ɗaya, layi bakwai, biyar a ciki gaisuwa. Da na sake duba kwafin nawa, domin ni mutum ne mai ajiye kwafi, na ga ta biyun shafi huɗu ce, uku a kan masu jifan ƙwallon Cleveland. Babu inda na ce ta dawo. Na ɗauka wannan a fili yake.

Da mai gidan ya ce zai sayar da ginin, na zauna na auna al'amarin da hankali. Mace mai niyyar dawowa ba ta wata biyar. Na kama ɗaki ɗaya da ɗan kicin a Whitechapel, kusa da masallaci, na auna shi da tef, na rubuta wasiƙa ta huɗu da sabon adireshi. Wasiƙa takan yi mako uku kafin ta kai Zariya. Na saka ta a akwatin gidan waya ran Litinin, na tashi ran Juma'a. Duk da haka, duk lokacin da wayar falo ta yi ƙara a makon nan sai na yi tuntuɓe da kwali kafin in kai gare ta. Sau biyu masu sayar da tagogi ne.

Mai motar kwasar kaya na samo lambarsa a jikin tagar wani shago a Old Kent Road. Sunansa Masawudu, mutumin zangon Kumasi, gajere mai faɗin kafaɗa, ya kai shekaruna. Da ya ji ni Bahaushe ne sai ya saki Turanci ya kama Hausa da hannu biyu, irin tasu ta can, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Malam, ka ci abinci? Matana Fulera ya dafa wake, ya ce in kawo maka."

"Ta dafa," na ce. "Ta ce."

"Eh, shi ne. Ya dafa da yawa."

Na ajiye kwalin da ke hannuna na yi masa bayani. Na ce harshen da ba ya bambanta ya da ta ya zubar da rabin duniya. Na ce wata rana wannan sakaci zai jawo wa wani asara. Ya saurare ni da ladabi, yana riƙe da ƙafar gado.

"Mu dai a Kumasi," in ji shi, "kowa ya san matansa."

Muka ci gaba da lodi. Kafin azahar falo ya zama fili, sai tabon hotuna a bango da keken ɗinkin Karimatu a gindin taga. Tsohon keke ne mai teburin ƙarfe da abin takawa, da shi take ɗinka wa matan Peckham kayan salla. Masawudu ya shafa kansa kamar mai duba doki.

"Wannan na madam ne? Mu ɗaga."

"Bar shi. Babu wurinsa."

"Sai in dawo sawu na biyu, ba komai."

"Ba mota ba ce matsalar, ɗakin ne. Na auna. Ko keke ko kwalaye."

Ya dubi kwalayen, ya dube ni. "Takardun makaranta ne?"

"Tarihi ne."

Muka sauke keken tare muka jingine shi kusa da bola a bakin ƙofar gini, inda motar shara ta council za ta ɗauke shi ran Litinin. Daga nan na ce masa ya ci wakensa, ni zan je wurin Ba'indiyen da ke ajiye mini jaridata kusa da tasha, in karɓi ta ƙarshe in ce ya daina ajiye mini. Minti ashirin na yi. Cleveland ta ci wasan gwaji, bakwai da uku, na karanta a tsaye a bakin titi har sau biyu.

Da na dawo na tarar da Masawudu zaune a ƙasa kusa da wayar.

"Malam, wani ya kira daga Najeriya."

"Wane ne?"

"Bai faɗi suna ba. Layi yana ta kuka. Ya ce a gaya wa Malam Almu yana zuwa ran Lahadi, jirgin safe, Gatwick, ka je ka ɗauke shi. Sai layi ya yanke."

Ya kamata in yi bayani a nan. Duk Bahaushen da ke da kujera doguwa a London ya san wannan kira. Ƙanin abokin wani ɗan ajinku ne, ma'aikatarsu ta turo shi kwas na mako biyu. Zai yi shida. Zai ƙone maka tukunya, ya tambaye ka me ya sa har yanzu ba ka zama farfesa ba, ya tafi da rigar sanyinka. A shekara goma sha huɗu na sauki irinsu fiye da talatin, Karimatu ce ke dafa musu. Ɗaya daga cikin ni'imomin ɗaki ɗaya shi ne babu kujera doguwa.

"Madalla," na ce. "Ya zo. Zai tarar da gida a buɗe, babu kowa a ciki."

"Ba za ka je ba?"

"Ko taku ɗaya."

"Amma Malam, shi fa..."

"Masawudu, wanda ya iya hawa jirgi ya iya neman masauki. Ɗauki wancan gefen katifar."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa mutumin da aka fara yi wa zaton kirki. Sannan ya ɗauki katifar. Da yamma kamfanin waya ya yanke layin Catford, kamar yadda na yi booking tun mako biyu da suka wuce. Na Whitechapel sun ce sai bayan kwana goma.

Asabar na yi ta jera kwalaye bisa shekara, daga ƙasa zuwa sama, 1978 a gindi. Sun rufe rabin tagar. Na sayi kofi ɗaya, na gano cewa tukunyar da na ɗauko ba ta da murfi, murfin da na ɗauko kuma na wata tukunya ce. A tsakanin Juma'a da Lahadi mutum ɗaya na yi wa magana, mai sayar da albasa a kasuwar bakin titi, shi ma da yatsa muka gama. Ban damu ba. Na zauna a kan gado na lissafa cewa idan masu jifanmu biyu suka tsaya da ƙafafunsu, na uku kuma ya daina abin da yake yi, za mu iya ƙarewa na huɗu. Na juya in faɗa wa wani, sai na ga bangon kwali.

Lahadi aka tashi da ruwa, irin siririn nan da ba ya sauka ba ya ɗaukewa. Sau ɗaya baƙon Gatwick ya faɗo mini a rai, wajen ƙarfe goma, na ji wani ɗan daɗi. Ana kiran la'asar aka buga ƙofa.

Masawudu ne, hularsa a jiƙe, akwati a kafaɗa.

"Malam, ga shi na kawo."

Ya matsa gefe. Karimatu na tsaye a bayansa a kan matakala, cikin atamfa da wata 'yar rigar sanyi da ba ta kai gwiwar hannu ba, domin babbar rigar sanyinta tana cikin kayan da na bai wa shagon sadaka. Mayafinta ya manne a kafaɗarta. Tana rungume da jakar leda, ƙamshin daddawa da kilishi na fita daga ciki.

"Sannu, Malam," ta ce.

Na dubi Masawudu. "Ka ce mini ya kira."

"Eh, ya kira."

"Ka ce in ɗauke shi!"

"To ai ga shi nan. Mace ne. Ka tambaye ni?" Ya sauke akwatin a bakin ƙofa. "Tun jiya Fulera yana damuna, ya ce mutumin nan da gaske ba zai je ba, ka leƙa tsohon gidan. Na gama aiki na bi ta can. Na same shi zaune kan akwati a bakin bola, kusa da keke. Tun ƙarfe goma sha ɗaya."

Na buɗe baki. Akwai gyara huɗu a maganarsa, na ji su duka, ban yi ko ɗaya ba.

"Keke yana mota," in ji shi. "Zo ka kama."

Hawa uku muka hau da shi, ni ta sama ina ja da baya, shi ta ƙasa yana ɗauke da nauyin. Tef ɗina bai yi ƙarya ba: babu wurinsa. Muka ajiye shi a tsakiyar ɗaki, tsakanin gado da kwalaye, yadda duk mai son zuwa kicin sai ya bi ta kan katifa. Masawudu ya ƙi shayi, wanda ya yi daidai tunda kofi ɗaya ne. Ya yi wa Karimatu sallama, ya ce Fulera zai zo gaishe shi, ya sauka.

Karimatu ta tsaya tana duban ɗakin. Ta dubi gadon mutum ɗaya, da kujera ɗaya, da kofin. Ta karanta shekarun da ke jikin kwalayen daga ƙasa har sama.

"Na rubuto miki," na ce. "Ran Litinin."

"Za ta iso," ta ce.

"Da kin faɗi sunanki a waya..."

"Kwana biyu na yi ina layi a ofishin waya. Minti uku suka ba ni. Na ɗauka muryar mace ta isa."

Ta ajiye jakar ledar a kan gado, ta ciro kilishin ta miƙo mini, ta ce Inna ce ta ce a kawo mini. Sannan ta ciro wata 'yar kwalbar man gyaɗa, ta durƙusa a gaban keken. Ruwan kwana biyu ya shiga ko'ina. Katakon ya kumbura a gefe ɗaya, tsatsa ta fara ja a farantin allura da kan ƙafar takawa. Ta gwada juya wilin da hannu, ya ƙi. Saboda sanyi, sai da ta hura yatsunta kafin ta iya buɗe kwalbar. Ta ɗiga man a bakin mayafinta ta fara gogewa, a hankali, lungu lungu.

Na tsaya da kilishi a hannu. Jaridar Juma'a tana kan kujera, a buɗe a shafin baya, na zagaye sakamakon da jan biro. Ta gan ta.

"Naku sun ci?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Sun ci. Amma na gwaji ne. Ba a lissafa shi."

"To," ta ce.

Ta juya mayafin ta nemi wurin da bai jiƙe ba, ta ci gaba da gogewa.