Ranar Buɗe Akwati

Ranar Talatar da aka buɗe akwati, Fulvio Cattaneo ne ya danna maɓalli, ba Ottavio Zanier ba.

Akwatin ba na katako ba ne. Wani yanki ne na sakamakon gwaji da masanan ke ɓoye wa kansu har a gama lissafi, don kada ido ya ga abin da zuciya ke so. Bisa al'ada, shugaban tawaga ke buɗewa. Ottavio ya riƙe shugabancin tun gashinsa na baƙi, yana farautar wata 'yar ƙwayar zarra da ke tarwatsewa ta wata hanya ta daban sau ɗaya cikin biliyoyi. Sau biyu yana buɗewa, yana tarar da wayam. Bara, bayan rasuwar matarsa Nives, aka yi zaɓe, shugabancin ya koma hannun Fulvio, tsohon ɗalibinsa, wanda bakinsa ya fi lissafinsa kaifi.

"Farfesa, matso gaba mana," in ji Fulvio. "Ido ya kwana biyu."

"Yi aikinka, yaro. Fanko ko daga birnin Milano ina gane shi."

Aka yi dariya. Ottavio ya harɗe hannu yana roƙon Allah, wanda rabonsa da shi tun jana'iza, a sake samun fanko.

Ɗigo uku suka fito a allo, a tsakiyar layin da shi ya zana da hannunsa don nuna inda ƙwayar za ta bayyana.

Ɗaki ya kaure da ihu. Aka buɗe kwalbar giya, aka miƙa wa Ottavio a kofin takarda. Ya yi murmushi yadda ya kamata. Sunan Fulvio da zai shiga jaridu bai ƙona shi ba kamar yadda ya zata. Abin da ya ƙona shi waya ce. Fulvio ya jingina da taga, ya toshe kunne ɗaya yana kwarara wa matarsa murya:

"Ornella! Mun gan ta! Wallahi. Ɗora ruwan taliya, ga ni nan tafe."

Nives ta ƙare aurenta tana ɗumama abincin da ya huce. Kullum tambayarta ɗaya: "Yaushe za a gama?" Kullum amsarsa: "In an buɗe akwati."

Ottavio ya lalubi wayarsa a aljihu, ya bar ta a ciki. Maganar ta daɗe a shirye, ba ta da tsawo:

"Nives, an gama. Yau da wuri zan dawo."