Labulen Malama

Tun daga ƙofar falo na jiyo injin wanki yana gurnani a bayan kicin, yana dukan bango kamar an ɗaure rago a ciki. Na ajiye kwanon abincin da na kawo, na leƙa ɗakin Malama yadda na saba kullum da safe. Sai haske ya mare ni. Tagar tsirara take, daga ƙarfe sai gilashi, zobban labulen suna reto a jikin sandarsu. Malama tana kwance, ta ja bargo har kan hancinta.

"Ina labulen?" na ce.

Autarta ce ta amsa daga kicin. Kwananta huɗu da zuwa daga garin da take aure, kuma tun da ta sauka ba ta zauna ba, in ba ta goge nan tana wanke can.

"Yana cikin inji, Goggo. Ƙura ce fal a jikinsa, ga warin magani. Likita ya ce ƙura ba ta yi wa numfashinta kyau."

"Kashe shi."

"Saura minti ashirin ya gama."

"Na ce ki kashe shi, 'yar nan."

Shekara ashirin da biyu na yi a shagon wanki da guga kafin gwiwoyina su sallame ni, shi ya sa duk gidan nan Mai Guga ake ce mini. Na san tufa kamar yunwar cikina. Labulen nan karan-miski ne mai nauyi, da shafi a bayansa, a gefensa kuma an ɗinka 'yar takarda mai hoton baho an soke shi. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san abin da aka soke ba a yi. Irinsa ba a nuna masa ruwa, shago ake kai shi a wanke da magani. Shekaranjiya da bakina na gaya wa Auta haka, da na gan ta tana shinshina shi tana yatsina fuska. Ta ce ta tambaya, masu shagon sun ce sai kwana huɗu. Na ce to ki bar shi da ƙurarsa, zan kakkaɓe shi da buroshi a hankali. Ta ce to. Ashe kunnen uwar shegu ta yi da ni.

"Goggo, duk labulayen gidana a inji nake wanke su, ba abin da ke samun su," ta ce tana goge hannu. "Takardun nan 'yan kasuwa ne ke maƙala su don a ci kuɗin mutane."

"Ruwan zafi kika sa?"

Ta sunkuyar da kai. Na san aikin gama ya gama, ko an kashe ko ba a kashe ba.

Wani zai ce labule ne fa, ba rai ba. To bari in gaya muku. Gidanmu na haya ne, bene mai hawa uku, ni da Malama muna ƙasa, ƙofarta tana kallon tawa shekara goma sha tara. Tagar ɗakinta ta buɗe a kan lungun da kowa ke bi zuwa matakala da igiyar shanya. Shekara talatin ta yi tana koyarwa, rabin magidantan layinmu ita ta kama musu hannu suka koyi rubutu. Ko shara za ta zubar sai ta shirya, ɗankwali ya zauna, takalmi ya sha gogewa. Ciwon nan ya cinye ta a wata biyar. Ya kwashe nama, ya kwashe gashi, ya bar mata idanu. Ta daina karɓar masu dubiya, daga ni sai nas mai zuwa yi mata allura, sai Auta da ta zo daga baya.

Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, "Mai Guga, abu ɗaya nake roƙon ki. Kada ki bari a gan ni haka. Ki bar su da wadda suka sani."

Na ce na ɗauki amanar. Matsalar ita ce dole tagar ta zauna a buɗe, gadon kuma a gindinta, don da an rufe numfashinta ke sarƙewa. Labulen nan kaɗai ya iya da lamarin. Nauyinsa ba ya barin iska ta ɗaga shi, iskar kuma tana shigowa ta ƙarƙashinsa ta same ta.

Ranar wankin nan sai na ruga ɗakina na ɗauko zanin gado, na rataya a sandar da fil uku. Zanin gado ba shi da nauyin komai. Muna cikin juya Malama don mu canja mata riga, kanta a buɗe, sai iska ta kwashe shi sama. A daidai lokacin matar direba ta hawa na uku ta biyo lungun da bokitin wankinta. Ta tsaya cak, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Malama, ke ce kika koma haka?"

Da ƙarfi ta faɗa, yadda har mai shagon kan kwana zai iya ji. Malama ta ɗaga hannu za ta rufe kanta, hannun bai kai ba. Na finciko zanin na danne, na ce wa matar ta wuce kafin in fito. Ta wuce, amma na ji ba sama ta hau ba, ƙofar maƙwabta ta ƙwanƙwasa.

Malama ta juya fuskarta bango. Na kira ta, ba ta amsa ba. Na kawo cokali bakinta, ta datse haƙora. Ranar nan ko ruwa ba ta karɓa daga hannuna ba, ni da na ce na ɗauka.

Da aka buɗe injin, abin da ya fito ba ka ce labule ba. Karan-miskin ya motse, shafin bai motse ba, sai ya tattare a baya kamar buhu. Jan launin ya zuba ya rine komai, gashin yadin ya kwanta faci-faci kamar bayan akuya mai ƙazwa. Na shanya shi a inuwa. Washegari da sassafe na shimfiɗa shi a tebur, na yi masa turiri da dutsen guga, na sa Auta ta riƙe can ina ja nan har kafaɗuna suka yi ƙara. Na san aikin banza nake yi, yadin da ya sha ruwan zafi ba ya dawowa. Muka rataya. Bai kai bakin tagar ba, ya rage kamu guda cif, daidai inda kan Malama yake.

Nan fa na buɗe wa Auta wuta a kicin, murya ƙasa-ƙasa don kada uwarta ta ji.

"Kin ga aikinki? Kwana biyar kika yi a gidan nan, kin rushe abin da muka yi wata biyar muna tsarewa. An gaya miki, an rubuta miki, har hoto aka zana miki. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Sai dai ba ke ce kike jin hohon ba, tana can kwance."

"Goggo, me kike so in yi?" Hawaye suka zubo mata. "Ba na iya cire mata ciwon, ba na iya sa ta ci abinci. In na zauna kusa da ita kuka nake yi, ita kuma ba ta so. Wanki kaɗai na iya yi mata."

Na ji tausayinta, ba zan ɓoye ba. Amma ban huce ba, kuma har yau da nake ba ku labarin nan ban huce ba. Na tura ta wurin tela da awon tagar. Ta dawo ta ce ya ce sai jibi.

Da hantsi nas ta zo. Ta duba Malama, ta mayar da allurar jaka ba ta yi ba, ta ja mu gefe ta ce kada kowa ya yi nisa yau.

Zuwa azahar lungun ya fara cika. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ta zo kwashe shanyar da ba ta bushe ba, waccan ta zo neman makullin da bai ɓata ba, kowa ya zo daidai tagar sai tafiyarsa ta yi sanyi. Ba na cewa duk mugaye ne. Wasunsu son ta suke yi da gaske. Amma ido ido ne, na masoyi da na magulmaci abu ɗaya suke kwasa su tafi da shi.

Muka ja zanin gado muka toshe gurbin, muka ɗaure shi tam da ƙarfen taga don kada iska ta ɗaga. Ba a yi minti biyar ba ƙirjin Malama ya fara sama da ƙasa. Ta miƙa yatsa wajen tagar.

"Iska," ta ce.

Auta ta dube ni. Na kwance zanin da hannuna. Iska ta shigo, muryoyin lungu ma suka shigo. Sai Malama ta juyo ta dube ni, karo na farko tun jiya.

"Mai Guga, suna nan?"

"Suna nan."

Ta lumshe ido. Na matse hannunta sau ɗaya, na sa shi a cikin na Auta, na fita.

Na zagaya lungun na tsaya taku ɗaya daga tagar, yadda iska za ta samu hanya ta gefena. Na juya wa tagar baya, na ware mayafina na riƙe bakinsa dama da hagu, na ɗaga hannuwa. Allah ya yi ni da faɗi, ranar ce kaɗai na gode wa hakan.

"Goggo, gaisuwa kawai za mu yi," in ji mai shagon kan kwana, wanda Malama ta koyar tun yana zubar da majina.

"Ta amsa. Ka koma shagonka."

"Haba Mai Guga, mu ma fa tamu ce," in ji matar direba.

"Da taki ce da kin riƙe bakinki jiya. Wanda ya ƙara taku ɗaya, wallahi sai na kira sunan abin da na sani a kansa a gaban kowa. Na wanke kayan gidajenku, kun san na sani."

Suka ja baya, amma ba su watse ba. Suka tsaya can bakin matakala suna kallona, ina kallon su.

A bayana ina jin numfashinta, ja ɗaya mai tsawo, sai shiru, sai wani. Ina jin Auta tana yi mata magana a hankali. Ni ya kamata a ce ina zaune a bakin gadon nan. Ni na san yadda take son a ɗaga mata matashi, ni na san wace kafaɗa ce ba a taɓawa. Sai ga ni tsaye a lungu rana tana dukan kaina, na zama labule, saboda an ƙi jin magana. Hannuwana suka yi nauyi har na daina jin su. Ban san ko awa ɗaya na yi ko biyu ba, inuwar bene dai ta taso daga ƙafata ta kai ƙuguna.

Sai shirun ya yi tsawo. Na jira ja na gaba, bai zo ba.

"Goggo," in ji Auta daga bayana.

Ban juya ba. "Kin rufe ta?"

Na ji motsin bargo.

"Na rufe ta."

Na saki mayafin ya zame ƙasa. Hannuwana suka ƙi sauka, suka sandare a sama yadda suke. Auta ta zuro hannu ta tsakanin ƙarafan tagar, ta kama na dama ta sauke mini shi a hankali, sannan ta kama na hagu.